Gino na Ƙauyen Alu

Alhaji ɗan Zazzau, bawan Kanawa, ina gaisuwa. Da fatan faten safe ya zauna lafiya. Na so in tare ka a kanti mu kashe maganar nan baki da baki, amma na san halinka: da ka ga an ritsa ka sai ka ɗauki mudu ka shiga auna wa mutane shinkafa, kana cewa a bari ciniki ya lafa. Shekara talatin ina jiran cinikin nan ya lafa. Shi ya sa na jawo ka shafin jarida, inda babu kantar da za ka laɓe a bayanta.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, a majalisarmu ta gindin darbejiya, ka tura hula gaban goshi ka ce jikanka sunan sarakunan Italiya gare shi. Ka ce Gino ba sunan kowa da kowa ba ne, a can sai ɗan gidan sarauta ake raɗa wa. Har ka ƙara da cewa yaronka na Abuja ne ya duba maka a waya. Na yi shiru, ka ɗauka ka ci gari. Goron da ke bakina a lokacin naka ne, kuma ba a cin goron mutum a ƙaryata shi a zama ɗaya. Yanzu goro ya wuce.

Bari in tuna maka abin da kaf Ƙauyen Alu ta sani, har da 'yan Unguwa Uku da ke ratsowa ta layinmu. Ranar sunan yaron nan ina sahun gaba, ni na karɓi dabinon mutum uku. Aliyu liman ya raɗa, sunan mahaifinka, Allah ya jiƙansa. Da yake kai ba ka iya kama sunan, matan gidanka ma ba sa iyawa, sai aka koma kiransa Abba. To Abba kuwa a layinmu gayya ce: ka tsaya ƙofar gida ka ƙwala kiran Abba, rabin yaran layi su waiwayo, ragowar rabin kuma duk Halifa ne. Yaro yana cikin wannan cunkoso har ya shekara biyu, ranar da ya lallaɓa bayan kantarka kana gyangyaɗi, ya jawo ledar tumatir ya huda ta da haƙori. Aka tsince shi jajur daga baki har cibiya. Hajiya ta ɗora hannu a ka tana salati, kai ka fita titi ba takalmi kana tsayar da Adaidaita Sahu za a tafi Asibitin Malam. Almajirin gidanka ne ya dangwali rigar ya lasa, ya ce, "Alhaji, ai Jino ne." Daga ranar zuwa yau ko malamin Islamiyyarsu sai ya buɗe rajista yake tuna yana da wani ɗalibi Aliyu.

Naɗin sarautar da aka yi masa ke nan, ba algaita ba tambari.

Amma tunda ka ja Italiya cikin maganar, na bi ka har can. Italiya ba ta zama ƙasa ɗaya ba sai a 1861, kuma sarakuna huɗu kacal ta yi: biyu masu suna Vittorio Emanuele, biyu masu suna Umberto. Na ƙarshensu wata ɗaya da 'yan kwanaki ya yi a kan gado. Aka jefa ƙuri'a ranar 2 ga Yunin 1946, jama'a suka ce a naɗe tabarmar sarauta, ya kama hanyar Fotugal. Ka ƙirga da yatsunka, ko sau nawa ka maimaita ba za ka ci karo da Gino ba.

Gino ma ba cikakken suna ba ne, jelar suna ce. Mutanen Italiya in za su shagwaɓa abu ko su ƙanƙanta shi sai su liƙa masa -ino a ƙarshe, yadda mu muke sa "ɗan" a gaba. Luigi yana ƙarami uwarsa ta ce Luigino. Giorgio ya zama Giorgino, Ambrogio ya zama Ambrogino. Da kiran ya yi wa baki tsawo sai aka sare kan aka yar, aka riƙe abin da ya saura: Gino. Rabon wanda ya zo fiɗa a makare ka samu, an kwashe kai da ƙafa an bar maka jela. A rubuce G suke sawa, a baki J suke faɗa, Jino, kuma a nan matan unguwa sun fi ka daidai. Kai ne na ji kana karanta kwalin da bokon Hausa, gino, kamar mai aiken yaro gona ya gino rogo. Macen sunan kuma Gina, ka ga gida guda duk magina.

A nan nake tausaya maka in Allah ya kai ka Italiya. Harshensu bai yarda da wasa da jinsi ba: Gino namiji, Gina mace, Paolo namiji, Paola mace, Francesco da Francesca haka. Kai kuwa shekara talatin kana shan ruwan Kano, har yau "matana ya tafi unguwa" kake cewa, motarka ma "motana ya lalace". Ranar farko za ka kira direban tasi da sunan ƙanwarsa. Iyakar inda za ka sha iska shi ne wajen masu suna Andrea da Luca da Nicola, maza ne ƙarti da sunan da ya ƙare da -a. Ina kyautata zaton wani Bazazzagi ne ya yi musu liman ranar suna.

Kada ka ce na raina yankan suna, ai mu ne mahautansa. Unguwar nan da muka ba ka masauki yankakken suna gare ta, Aliyu ne aka datse ya zama Alu. Abubakar ya shigo ƙasar nan da tsawonsa, Bahaushe ya riƙe kai ya ce Habu, Babarbare ya riƙe jela ya ce Bukar, Bafulatani ya cafko tsakiya ya ce Buba, kowa ya tafi da tsokarsa, sannan muka dawo muka ce Garba, wanda babu mai iya nuna maka ta inda ya fito daga jikin Abubakar. Ibrahim ya koma Iro, Sulaimanu ya koma Sule, Usmanu ya koma Manu, Adamu ya koma Ado. Malamai sun gaji da faɗa a kan masu sare Abdul su bar Razaƙu tsirara. Har abinci bai tsira ba: cire harafin farko na Italiya ka ga abin da ya rage a kwano, ka zuba masa manja da yaji.

Kuma yankakken suna bai taɓa hana sarauta ba, wannan na ba ka. Alu ya yi Sarkin Kano daga 1894 har zuwan Turawa a 1903. A shekarar da namu ya bar gari naku Alun, Alu ɗan Sidi, ya hau gadon Zazzau, wanda ya yi waƙar Tabarƙoƙo, wanda kuma da ya ga birni na gaske bai iya yin shiru ba sai da ya yi waƙa a kan zuwansa Kano. Dukkansu biyu a Lokoja Turawa suka ajiye su har ƙarshen rayuwarsu. Ka ga da sarauta kake nema wa yaron, da ba ka wahalar da yaronka na Abuja da kuɗin data ba. Ga ta nan a sunan yankansa, ga ta a sunan unguwar da aka binne cibiyarsa.

Yanzu ga inda abin ya ɓata mini rai, kuma da ba don ina tsoron wani ya tona ba da na haɗiye shi. Na bi Luigi ɗin nan baya in ga daga inda ya taso, da niyyar in same shi a gidan talaka in zo in yi maka dariya. Sai na same shi a fada. Asalinsa sunan sarkin wata ƙabilar Jamusawa ne, Chlodovech, wanda littattafai suka fi sani da Clovis, sarkin da ya haɗa ƙasar da ta zama Faransa, ya mutu a 511. Kalma biyu ce a haɗe, ɗaya shahara, ɗaya yaƙi: wanda ya yi suna a fagen fama. Shi ne Jamusawa suka mayar Ludwig, Sifaniyawa Luis, Faransawa Louis, mutanen Italiya Luigi. Faransa ta yi ta jera masu wannan suna har lissafi ya kai na 18. Louis na 14 shekara 72 ya yi yana mulki, daga 1643 zuwa 1715, ya wuce Ado Bayero namu mai shekara hamsin da ɗoriya, balle Shehu Idris naku mai 45 (ko a nan ma muna gaba, ka lura). Louis na 16 kuwa talakawansa ne suka fille masa kai a 1793, sai ka zaɓa wa jikan naka wanda zai gada. A Italiyar kanta Luigi bai sami rawani ba bayan haɗewar ƙasar, amma Luigi Einaudi ya yi shugaban ƙasa daga 1948 zuwa 1955.

Wato dai ka yi harbi a duhu, ka nufi Italiya, kibiya ta faɗa Faransa, ta kuma sami nama. Sa'a ce irin ta makahon da ya taka kuɗi. Ba ka ma san cewa sunan nan sau biyu yake zaune a kantinka ba: ɗaga kai ka dubi shuɗin kwalin sukarin ƙwaya da ke saman ledojin tumatir, St. Louis. Louis ɗin nan da Luigi uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara da shekaru kana sayar da wa da ƙani a kanta ɗaya, ba ka taɓa haɗa su gaisawa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan. Me ake ce wa Aliyu in za a yi masa kirari? Gadanga ƙusar yaƙi. Me Luigi yake nufi? Wanda ya shahara a yaƙi. Almajirin da ya lashi rigar nan bai san Clovis ba, bai san Faransa ba, amma ya zagaya duniya da ledar tumatir ya dawo da yaro kan kirarinsa na asali. In kuma sunan yayi kake so, wanda ke kan gaba a jariran Italiya maza tun 2018, bisa ƙididdigar da hukumarsu ta ISTAT ke fitarwa duk shekara, shi ne Leonardo, ma'anarsa mai ƙarfin zaki. Mu kuwa tun kafin a haifi kakanka muke ce wa Aliyu Haidar. Ko da me ka zo an fi ka, ai ba a bakin kasuwa kaɗai ake faɗinta ba.

Wanda Leonardo ya ture, bayan ya daɗe yana riƙe da kambu, shi ne Francesco, kuma shi ma laƙabi ne irin na jikanka. Waliyyin Kiristocin nan na garin Assisi, wanda ya mutu a 1226, Giovanni aka raɗa masa. Ubansa ɗan kasuwar yadi ne, irin mutanenmu na Kantin Kwari, yana fatauci zuwa Faransa, da ya dawo daga tafiya ya tarar an yi haihuwa sai ya riƙa kiransa Francesco, wato Bafaranshe, kamar dai fatakenmu na goro a ce wa yaro Ɗan Gwanja. Laƙabin ya cinye sunan yanka, ya bi duniya, har Fafaroma ya ɗauke shi a 2013.

Gino fa, ina yake a wannan jeri? Yana can zaure yana shan hantsi. Sunan tsofaffi ne, Alhaji. Ka duba waɗanda suka yi suna da shi: mai zane Gino Severini an haife shi a 1883, Gino Bartali a 1914, Gino Strada a 1948. Matsayinsa a can matsayin Tanko da Jatau da Barau da Nomau a nan, sunayen da yau in ka ce a sa wa jariri sai uwar jego ta yi yaji da ɗanyen jiki. Mun watsar da su mun koma Ammar da Affan da Sudais da Shuraim, alhali biyun ƙarshen nan sunayen dangin limaman Harami ne, ba sunayensu na yanka ba. Ni dai ina kewar tsofaffin. Suna ne mai ba da labari: ka ji Tanko ka san mata ya biyo, ka ji Gambo ka san tagwaye ne a gabansa, ka ji Nomau ka san ana tsakar aikin gona ya sauka. Yaron da aka tsinta jajur kuwa, da a zamanin mahaifinka ne, ba sai an je Turai aro ba, Jatau yana nan a ajiye.

Duk da haka ba zan zalunci masu sunan ba don in ƙuntata maka, akwai mazaje a cikinsu. Gino Bartali ɗan tseren keke ne daga wani ƙauye a gefen Florence. Ya ci babban tseren Italiya sau uku, 1936 da 1937 da 1946, ya ci na Faransa sau biyu, 1938 da 1948, shekara goma cif tsakani, Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye masa ƙuruciyar da ke tsakiya. Tseren Faransan nan a lokacin ya haura kilomita 4,500, da duwatsu da komai, kamar a je Zariya a dawo fiye da sau goma, in har akwai wanda zai yarda ya je Zariya sau goma. Amma ba wannan ne ya sa nake ɗaga masa hula ba. Lokacin da sojojin Hitler suka mamaye Italiya, 1943 zuwa 1944, suna farautar Yahudawan ƙasar, Bartali ya riƙa fita da kekensa da rigar tsere kamar mai motsa jiki, daga Florence zuwa Assisi ya dawo, alhali ya naɗe takardun shaida na jabu ya cusa cikin bututun keken, waɗanda mutane za su tsira da su. In an tsayar da shi a shinge sai ya roƙi kada a taɓa masa keke, wai an saita shi daidai jikinsa. Da yake kowa ya san fuskarsa, sai a bar shi ya wuce. Bayan yaƙi bai hau mumbari ya ba da labari ba, galibin abin sai bayan mutuwarsa a 2000 duniya ta ji shi. Ka kwatanta da wani bawan Allah da na sani, wanda in ya ba almajiri ragowar fate sai majalisa ta ji, kuma da tsohon Raleigh ɗinsa daga Tarauni zuwa Gyadi-Gyadi sai ya huta sau biyu.

Gino Strada shi ma Luigi ne a takarda. Likitan fiɗa ne, shi da matarsa Teresa Sarti suka kafa ƙungiyar Emergency a 1994 don yi wa waɗanda yaƙi ya raunata magani kyauta, suka yi aiki a Afganistan da Iraƙi da Saliyo. A 2007 suka buɗe asibitin fiɗar zuciya mai suna Salam a gefen Khartoum, babban birnin ƙasar da danginmu suka cika tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa, ana buɗe ƙirjin talaka a gyara ba a karɓi ko sisi ba. Ya rasu a Agustan 2021. In jikanka ya ɗauko wannan Ginon, na yafe maka duk cika bakin ranar Juma'a, har in ƙara maka goro.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, babu ɗayansu da ya kawo sunan Ƙauyen Alu. Tukunya ce ta kawo shi. Kuma ledar da ta kawo shi ita ma aron rigar Italiya ta yi. Kamfanin da ya baza sunan Gino a Afirka ta Yamma, Watanmal, na 'yan asalin Indiya ne, a 2017 kuma sunan ya koma hannun GBfoods na Barcelona a Sifaniya. Dabara ce da Bakano zai gane tun daga nesa: duniya in ta ji miyar tumatir da taliya Italiya take tunawa, to sai ka sa wa hajarka sunan da zai tuna mata. Haka ake buga wa takalmin Aba tambarin Italiya, haka kuma fatar akuyarmu ke tashi daga majemun Challawa da Sharaɗa ta tafi Italiyar gaske, ta dawo takalmi da sunan da ba za ka iya karantawa ba da kuɗin da ba za ka iya biya ba. Tumatirin kansa baƙo ne a Italiya. Daga nahiyar Amurka Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, sunan da muke kiransa da shi ma tushensa harshen mutanen Meziko ne, tomatl, su kuwa mutanen Italiya suka laƙaba masa pomodoro, tuffar zinariya. Ko irin nan da manomanmu ke kira Roma, a Amurka aka fitar da shi a shekarun 1950. Kowa a cikin tukunyar nan da sunan aro yake yawo.

Abin haushin, ga Kadawa da Kura da Garun Malam nan a kan hanyar garinku, ruwan Tiga yana kwance musu tun shekarun 1970. Da rani ka je Kwanar Gafan ka ga kwanduna har inda ido ya tsaya, tirela na lodi zuwa Legas, abin da ya rasa mai saye a yanka a shanya a ƙasa ya zama kauɗa. Da damina ta kawo kai sai ɗanye ya yi fiffike, a 'Yankaba ana sayar da shi kamar ƙwan zabi. A 2016 ma tsutsar nan da manoma suka sa wa Sharon ta share gonaki, wanda bai taɓa kallon leda ba ya koma gaishe ta. A wannan tsagar bangon ƙadangaren ya shiga. 'Yar leda mai giram 70 daidai take da cefanen yau a ci yau, ba ta ruɓewa, ba ta neman firij a garin da wuta ke leƙowa kamar baƙon kunya. Uwar gida ta miƙa wa yaro kuɗi ta ce Maggi biyu, Jino ɗaya, ko da wani kamfanin ne ya yi wanda za a ba shi. Sunan da ake aiken yara da shi kullum safiya ba ya buƙatar maroƙi. A Italiya ya tsufa, a layinmu kuwa ko Abba bai kai shi yawan ambato ba.

Na san abin da kake tanada, don haka bari in riga ka. E, babban ɗana Baggio ake ce masa. Laifi tudu ne, na hau nawa tun 1994. Ranar 5 ga Yuli, a wani filin ƙwallo kusa da Boston, Amunike ya ci mana Italiya tun kafin hutun rabin lokaci. Suka sako Gianfranco Zola, minti 12 ya yi alƙali ya ba shi jan kati, ranar da yake cika shekara 28 da haihuwa. Ka ji Zola da aka yi wa zolaya. Mu goma sha ɗaya, su goma, saura minti biyu a tashi, mun fara rabon wanda zai sayi tsire, sai Roberto Baggio ya farke, a ƙarin lokaci ya ƙara da fanareti. Tuwon dare ya kwana a gidaje da yawa. Da ya buga tasa sama a wasan ƙarshe da Brazil muka ce alhakinmu ne. Amma ka san halin yaro, wanda ya doke ka shi yake so ya zama. Nawa ya ƙi aski, gashin ƙeyarsa ya yi tsawo, abokan ƙwallonsa suka ce ga Baggio, saboda na gasken tukku yake bari a ƙeya har mutanensa na kiransa Codino, ɗan jela, ga -ino ɗin nan ya sake dawowa. Na yi faɗa, na yi bulala, na kai ƙara wajen iyayen yara, kamar ina zuba wa wuta fetur. Yau yana da 'ya'ya huɗu, kuma katin ɗaurin aurensa sai da aka rubuta Baggio a ƙasan sunansa, don abokansa sun ce in ba haka ba ba za su san auren wa ake yi ba. Bambancina da kai ɗaya ne: ni ban taɓa zama gindin darbejiya na ce ɗana jinin sarauta ne ba.

Saboda haka ba zan ce ka hana a kira yaron Gino ba, don na gwada irin wannan yaƙin na ga yadda ake komowa. Uba raɗa suna kawai yake yi ya yanka rago, layi ne ke yanke abin da za a kira. Amma jiya na gamu da shi zai tafi Islamiyya, na ce, "Gino, ina kakanka?" Ya tsaya ya gyara allo ya ce shi sunansa Aliyu Haidar, Gino kanti ne. Na bincika, ashe gaskiyarsa. Matan layi sun daɗe suna cewa a je kantin Gino, masu Adaidaita kuma in an ce a sauke mutum a ƙofarka kwanar Gino suke cewa. Yaro ya fara zame rigar, ga ta nan a ƙasa ba mai ita.

Shi ne na kai maganar majalisa daren jiya ba ka nan, kana can kana jiran ciniki ya lafa. Na ce jama'a, ga suna na tsofaffi, ga shi jela ce ba kai ba, ga shi da rigar aro, ga kuma dangantaka da sarauta ta nesa irin wadda Zazzau ke taƙama da ita tun da aka ce mata Sarkin Bayi a rabon Hausa Bakwai, wa ya fi cancanta da shi a unguwar nan? Ko mutum ɗaya bai yi gardama ba, ladan ma har ya ɗaga hannu biyu. Za a yi naɗin Juma'a mai zuwa bayan la'asar. Ka zo da goro huhu guda, da kuɗin sharar Muharram biyu da kake ta yi mini hanya-hanya da su, da kwalin St. Louis ɗaya don ɗan'uwan mai suna ya shaida. In kuma abin ya fi ƙarfinka, tashar Unguwa Uku ba nisa, motar Zariya ba ta yankewa, sai dai na riga na gaya wa 'yan kamasho cewa in sun ga Alhaji Gino da jaka su ba shi gidan gaba.